Kafaɗar Baba Birki

Duk wanda ya taɓa shiga bas ɗin ma'aikatan kamfanin robobi ya san abin da ya sa ake ce masa Birki. Shekara kusan talatin yana jan motar nan, kuma ko mai keke ya gani a gabansa sai ya yi shawara da zuciyarsa kafin ya wuce shi. Ma'aikata su yi ta tsaki daga baya, wani ya ce a sauke shi ya ƙarasa da ƙafa tunda shi sauri yake yi. Birki ko a jikinsa. Ya kai su da safe, ya maido su da yamma, babu wanda ya taɓa ko ƙwarzanewa a motarsa. Da ya yi ritaya aka karɓi makulli, sunan kuwa ya biyo shi gida, 'yan unguwa suka ƙara masa Baba a gaba.

Matarsa ita ce Kwandasta. Shi ya laƙaba mata, don a gidan nan ita ke cewa a tsaya, ita ke cewa a tafi, shi nasa riƙe sitiyari kawai. Mace ce mai baki da sauri, ba ta iya ganin mutum a zaune ba ta nemo masa aiki ba. Idan ya tsaya ɗaure igiyar takalmi sai ta ce, "Malam, yau dai za mu fita, ko sai gobe?" A ɗaki biyu da falo suka yi rayuwarsu, a ƙasan wani tsohon bene, suka raini 'ya'ya biyu. Babbar cikinsu mace ce, kowa Malama yake ce mata don a firamare take koyarwa. Sai Auta, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki a wani gari mai nisa.

Bai daɗe da ritaya ba Kwandasta ta faɗi. Tana cikin shanya ne a farfajiya, sai ta sulale a hankali ta zauna a ƙasa da jiƙaƙƙen zani a hannu. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, magana ta tafi gaba ɗaya. Bakin nan da bai taɓa sanin hutu ba, abin da ya rage masa sai gurnani. Amma fa ba ta ajiye aiki ba. Idan tana son abu sai ta bubbuga hannun kujera da tafin hagu, kuma ba ta san bugu ɗaya ba.

Tun daga nan Birki ya sami sabon aiki, ya kuma riƙe shi yadda ya riƙe na da, a hankali, ba fashi. Shi ke yi mata wanka, shi ke sa mata kaya, shi ke taje mata kai ya ɗaure shi ɗaurin da Malama ke dariyarsa. Babban aikin kuwa shi ne ɗagawa: daga gado zuwa kujera, daga kujera zuwa keken guragu, daga keke zuwa banɗaki, a sake dawowa. Yana da yadda yake yi. Zai kafa ƙafafunsa, ya matse gwiwoyinta tsakanin nasa, ta maƙale wuyansa da hannunta mai lafiya, shi kuma ya zagaye bayanta da hannuwa biyu ya haɗe su, ya ce, "To Kwandasta, a hau." Sai su miƙe tare. Ba ya son taimako. Maƙwabciya ta yi tayi har ta gaji, Malama ta kawo mai jinya ya sallame ta da godiya tun kafin ta ajiye jaka. Mutum ne mai sanyin hali, amma kansa ya fi ƙarfen taya tauri, kuma masu sanyin halin nan su suka fi wuyar lanƙwasawa.

Shekaru suka ɗan ja a haka. Ba zai ce maka yana jin daɗi ba, ba kuma zai ce yana shan wahala ba. Ya daina tambayar kansa irin wannan. Gari ya waye ya ɗaga ta, rana ta faɗi ya kwantar da ita.

Kafaɗar a banɗaki ta samu matsala. Ƙafarta mai lafiya ce ta taka kumfar sabulu ta zame, ya tare ta da hannun dama a miƙe, duk nauyinta ya fizgi hannun. Ya ji wani ɗan ƙas a can ciki. Bai sake ta ba. Daga ranar hannun ya ƙi wuce tsayin kunne, idan ya juya shi sai ya ji abu yana gocewa yana komawa, kwanciya ta ɓarin dama kuwa ta gagara. Ya ɓoye abinsa watanni, yana shafa man zafi, yana ɗaga ta yana cije leɓe ta inda ba za ta gani ba. Malama ce ta kama shi, ranar da ta shigo ta tarar yana ƙoƙarin mayar da gwangwanin madara kan kantar kicin yana tallafe gwiwar hannun dama da na hagu, gumi na tsiyaya.

"Baba, mene ne haka?"

"Tsufa ne, Mamana."

"Tsufan hannu ɗaya? Sa takalminka."

Halin uwarta ta ɗauko, ba a yi mata gardama a ci riba. Aka je asibiti, aka yi hoto, aka zauna gaban likitan ƙashi, wani mai tabarau da ke da kafaɗar roba a kan tebur. Ya ɗauko ta ya raba gida biyu.

"Baba, ka ga kan ƙashin hannu a cikin wannan ɗan kwarmin yake zama. A bakin kwarmin akwai guringuntsi da ya zagaye shi, shi ke riƙe ƙashin kada ya yi wasa. Naka ya ɓalle daga nan sama."

"Kamar robar ƙofar mota ke nan," in ji Birki.

"Kusan haka. Ba kuma yanka ka za mu yi ba. Huda uku ne ƙanana. Ta ɗaya mu zura kyamara mu gani a allo, ta sauran mu zura kayan aiki, mu kafa 'yan ƙusoshi masu zare a jikin ƙashin, mu ɗinke guringuntsin a mazauninsa. Ranar ma za ka koma gida. Aikin ba shi da wuya, jiran ne mai wuya. Hannun zai zauna a rataye makonni, kuma watanni za ka yi ba ka ɗaga abin da ya fi kofin shayi nauyi ba."

"Bayan nan zan iya ɗaga mutum?"

Likita ya dube shi ta saman tabarau. "Idan ya haɗe da kyau, a hankali, ƙila. Idan ka yi masa gaggawa, a'a."

A mota Malama ta kashe rediyo ta faɗi abin da ta daɗe tana son faɗa. So take Mama ta koma gidanta, ita Malama, da zama. Akwai gado a ɗakin 'yan matanta uku, ga ƙanwar mijinta tana wuni a gida, hannuwa sun yi yawa. Birki bai tambayi inda shi zai kwana ba, don ya san gidan, ɗaki biyu ne, kuma ba ya cikin mutanen da za su shimfiɗa tabarma a falon suruki. 

"A yi aikin," ya ce. "Auta ya ɗauki hutu ya zo ya riƙa ɗaga ta kafin in warke."

"In kuma bai yi ba fa, Baba? In hannun bai koma daidai ba?"

"Sai ki ɗauke ta."

"Ka yi alkawari?"

"Na yi."

Abin da ya kai shi ɗakin tiyata ke nan. Ba zafin ba ne, don da zafin ya saba. Zaman Kwandasta a ɗakinta yake nema.

Ranar aikin Auta ya zauna da uwarsa, Malama ta raka ubanta tun da sassafe. Aka ba shi wata riga mai ɗauri ta baya wadda ba ta rufe mutuncin kowa, aka zana alama da biro a kafaɗar dama. Mai ba da maganin barci ta ce za ta yi masa allura a gefen wuya don hannun ya mutu, hannun zai kuma kwana a mace, kada ya tsorata. Ya kalli silin, ya ga fitila ɗaya ta mutu, ya yi tunanin ya kamata a gaya wa wani. Sai ya farka a wani ɗaki da bakinsa a bushe.

Ya duba ƙirjinsa ya ga hannu a kwance cikin wani baƙin maratayi. Ya taɓa shi da hagu, ya ji ɗumi da nauyi, amma daga ciki babu labari. Ya aika wa hannun saƙo ya motsa, sai ƙananan yatsu biyu kawai suka amsa. Likita ya zo da fara'a ya nuna musu hotunan cikin gaɓar, wani fari-farin abu da shuɗin zare a jikinsa, ya ce aiki ya yi kyau ƙwarai. Malama ta yi ta godiya har da 'yar ƙwalla. Birki ya kalli hotunan ya gyaɗa kai. Ya nemi murna a cikinsa bai samu ba, ya nemi tsoro ma bai samu ba.

Da la'asar suka iso gida. Malama ta zaunar da shi a falo kusa da matarsa, ta sa masa filo a ƙarƙashin gwiwar hannu, ta nanata wa Auta dokokin likita har ya haddace, sannan ta fita da sauri ɗauko yara daga makaranta. Auta ya duba ledar magani ya ga babu maganin zafin da aka ce a fara sha kafin allurar ta sake shi.

"Baba, bari in ruga kemis. Yanzun nan zan dawo. Don Allah kada ka taɓa komai." Ya kai bakin ƙofa ya juyo. "Mama dai yau ta ƙi ni. Tun safe ko ruwa ta ƙi sha. In na ce in kai ta banɗaki sai ta kau da kai."

Ƙofa ta rufe. Ba a jima ba Kwandasta ta fara bubbuga hannun kujera.

Birki ya dube ta ya gane komai. Leɓɓanta sun bushe, goshinta ya yi gumi, ƙafarta mai lafiya tana rawa. Wuni guda ta riƙe kanta don kada ɗan da ta haifa ya kai ta banɗaki ya tsaya a kanta. A duk shirin da aka yi, an tsara wanda zai ɗaga, an tsara wanda zai dafa, babu wanda ya tuna da wannan, har shi da ya fi kowa saninta.

"Ki ɗan jure, yanzu zai dawo," ya ce. "Shi ya ɗaga ki, ni in ƙarasa."

Ta ci gaba da bugawa. Ba ta kalli hannunsa ba, fuskarsa take kallo, hawaye na bin ɓarin fuskar da ba ya motsi. Matar da ba ta taɓa roƙonsa komai ba, umarni kawai ta iya.

Mutumin da bai taɓa yin gaggawa a kan titi ba, ranar bai tsaya shawara da zuciyarsa ba. Ya jawo keken da hagu ya taka masa birki. Ya cire maɗaurin maratayin, hannun ya faɗo ya yi lilo a gefensa. Ya kafa ƙafafu, ya matse gwiwoyinta, ta maƙale wuyansa. Ya tura mataccen hannun ta bayanta, ya kamo wuyan hannun da na hagu ya riƙe gam, suka miƙe. Daga kujera zuwa keke, daga keke zuwa mazaunin banɗaki, ya jira, ya gyara ta da hagu, ya sake maido ta yadda ya kai ta. Tun ranar da ta zame a kan sabulu bai taɓa ɗaga ta cikin sauƙi irin na ranar ba. Ko ɗis bai ji ba.

Ya mayar da hannun cikin maratayi, ya ba ta ruwa ta shanye kofi biyu, ya koma ya zauna a kan filonsa. Numfashinsa bai gama daidaita ba Auta ya turo ƙofa da ledar magani, yana mitar layin da ya tarar.

Washegari allurar ta sake shi, zafi ya zo da ƙarfinsa. Amma ai an ce dama zai zo, don haka babu wanda ya yi mamaki. Aka kuma sami hanya mai sauƙi, wadda da an yi tunaninta tun farko da shi ke nan: Auta ya ɗaga ta ya zaunar, ya fita ya ja ƙofa, uban ya ƙarasa da hannu ɗaya. Makonni suka wuce a haka. Birki ya bi doka sawu da ƙafa, ko buta bai ɗaga ba, yana barci a jingine da bango. Wani lokacin yakan ce wa kansa ƙila babu abin da ya faru, tunda bai ji komai ba. Kwandasta kuwa ta daina bugun kujera in shi kaɗai ne a falon.

Da aka cire maratayi aka fara gashin ƙashi, mai gashin ta riƙa ɗaga hannun tana juya shi tana ɓata fuska. Ƙas ɗin nan yana nan, gocewar ma tana nan. Ta tura shi a sake hoto.

Wannan karon likita bai ɗauko kafaɗar roba ba. Ya juyo musu da allo ya nuna da bakin biro.

"Zaren ya yage guringuntsin ya fita. Ƙusoshin suna nan a ƙashi, amma babu abin da suke riƙewa. Baba, ka faɗi ne? Ko ka ɗauki wani abu?"

"Na ɗaga matata," in ji Birki. "Ranar da aka yi aikin."

Malama ta juyo gaba ɗaya. Ya yi zaton za ta yi faɗa irin na uwarta, ya ma shirya wa faɗan, da ya fi masa sauƙi. Sai kawai ta sa bakin gyale ta rufe fuska.

Likita ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce ana iya sake shiga, amma abin da ya rage na guringuntsin ya yi laushi, ba lallai ya riƙe ɗinki ba. Abin da ya fi shi ne a gyara gefen da ya yage don zafi ya ragu. Zai ci abinci da hannun, zai sa riga, zai ma iya tuƙa ƙaramar mota.

"Ɗaga mutum fa?"

"A'a, Baba. Wannan kam ya wuce."

"To," in ji Birki. Ya yi godiya, ya tambayi inda zai mayar da katinsa.

A hanya Malama ta ce, "Baba, da ka jira Auta. Kemis ɗin fa a bakin layi yake."

"Haka ne."

"Ba ka da abin cewa sai haka ne?"

 Yana kallon wata bas a gabansu da fitilar birkinta ɗaya ba ta kamawa.

Hutun Auta ya ƙare, maigidansa ya fara kira. Malama ba ta tuna wa ubanta alkawari ba, shi ya tuna mata. Da kansa ya naɗe zannuwan Kwandasta da hannu ɗaya, ya haɗa magungunanta, ya yi wa Malama bayanin wanne ake sha kafin abinci, da gefen da take son a kwantar da ita. Auta da mijin Malama suka ɗauke ta suka sa a mota, keken a but. Ya tsaya a bakin ƙofar bene har motar ta sha kwana, ya koma ciki ya wanke kofuna biyu ya kife.

Yanzu kusan kullum yana zuwa gidan Malama. Mota biyu yake shiga, yana zama a baya, ba ya gaya wa direba komai ko da gudu yake yi. Gaskiya kuma ba ta ɓuya, ana kula da ita. Ta yi 'yar ƙiba, an yi mata kitso na kirki, ɗakin na ƙamshin sabulu. Jikoki suna rige-rigen ba ta abinci.

Ran nan ya iso da hantsi, ranar babu makaranta. Ya nufi ɗakin kai tsaye, sai Malama ta leƙo da tawul a kafaɗa da hannu duk kumfa.

"Sannu da zuwa, Baba. Ɗan jira a falo, wanka muke yi mata."

Ta tura ƙofar ta rufe. Ya tsaya yana kallon katakon, sannan ya koma ya zauna a bakin kujera. Ƙanwar mijin ta kawo masa shayi a kofin baƙi, mai faranti a ƙasa, ta tambaye shi ya hanya. Daga ciki yana jin ƙarar ruwa da surutun 'yan mata, wata tana cewa a riƙe nan, wata tana tsokanar kakarta. Sai ya ji wani sauti mai kauri, a karkace, ya fito ya katse ya sake fitowa. Ya ɗan jima kafin ya gane dariya ce Kwandasta take yi. Duk shekarun da ya yi yana ɗaga ta bai taɓa jin ta yi ba, bai ma san tana iyawa ba.

Ya riƙe kofin bai sha ba har ya huce. Ya so ya ji haushi, ko daɗi, ko wani abu dai da zai iya kiran sunansa. Abin da ya ji kawai shi ne kafaɗar tana ɗan zogi.

"Baba, ta shirya," in ji Malama daga ciki.

Ya ajiye kofin, ya gyara wuyan rigarsa da hannun hagu. Ya je bakin ƙofar ya yi sallama, ya tsaya yana jira a ce ya shigo.